Kulɓar da Aka Bar wa Goggo Kubura

Jos, 5 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Goggo Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma da sauƙi. Na iso lafiya, an ba mu masauki a makarantar koyon kiwon lafiyar dabbobi, mu huɗu a ɗaki. Garin kullum ruwa, sanyi har cikin ƙashi. Tunda kunnenki ba ya ɗaukar waya, zan riƙa ba Malam Gwadabe direba takarda, tunda gidansa yana nan Kiyawa kusa da ke.

Maganar kulɓar nan ce ta sa na rubuto. Ranar da na kawo miki yarinyar da kulɓarta daga Dutse ban samu na yi miki bayani ba, domin kina leƙa akwatin kika shige ɗaki. Na san ba kya son ta. Amma yarinyar ce ta tsince ta a gindin randar marigayiya uwarta, wata uku bayan rasuwa, ta faɗa kaskon ruwa za ta nutse, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Tare muka haɗa mata akwatin. Ina roƙon arziki a kula da ita har in gama shekarar nan.

Babban abu shi ne rana. Kullum da hantsi a fitar da akwatin tsakar gida kamar awa biyu, a ajiye shi yadda rabi zai sha rana, rabi yana inuwar darbejiya. Ita za ta zaɓi inda take so. Ragar da ke sama kada a musanya ta da gilashi ko leda, don hasken da jikinta yake nema ba ya ratsa gilashi, zafi ne kawai zai shiga ya dafa ta. Kafin rana ta take a mayar da ita rumfa.

Abincinta gara ne da ƙananan gyare da 'yan fara, kullum, tunda yanzu take girma. Duk ƙwaron da ya fi faɗin kanta girma kada a ba ta. Kada kuma a kamo daga gonar waken da aka yi wa feshi. Akwai gwangwani a gefen akwatin, ɓawon ƙwai ne da na dafa na daka, a riƙa barbaɗa kaɗan a kan garar sau uku a mako saboda ƙashinta. Ruwa a murfin kwalba ya isa, a sake shi kowace safiya. Ƙasar da ke ciki a yayyafa wa gefe ɗaya ruwa, ɗaya gefen a bar shi bushe. Tsingaron da na kifa ɗakinta ne, dutsen mai faɗi kuma wurin shan rana, kada a ɗauke su don shara. Idan ta fara saɓa kada a taya ta ɓarewa. Kuma don Allah kada kowa ya kama ta ta shuɗiyar wutsiyar nan, yanke ta za ta yi ta gudu.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ɗanki,
Nasrullahi

Kiyawa, 11 ga Agusta

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, gwiwa tana nan inda ka bar ta. Takardarka ta iso, shafi biyu cif.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabancin makarantar firamare, ofishin ilimi bai taɓa aiko mini da umarni dalla-dalla irin naka ba. Ni Kubura, wadda kakanta ya bar garke uku a rugar Taura, yau ni ce makiyayiyar kulɓa. Rakiya maƙwabciyata ta leƙa akwatin ta saka salati, ta ce ai 'yar'uwar maciji ce, tun ranar ba ta sake barin jikokinta sun shigo ba. Don haka na sa an kai shi ɗakin ajiya bayan buhunan gero, inda ido ba zai gani ba. Gara kuwa ban haƙa ba, ba kuma zan durƙusa da wannan gwiwar in haƙa ba. A gidanmu duk ɗan dabbar da ya rasa uwa madara ake ba shi. Da ita aka raini maraƙi, da ita na raine ka bayan uwarka ta rasu. Na zuba mata a murfin nan naka. Ta lasa ranar farko, yau kwana uku ba ta kula komai ba.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ka san halina, duk takardar da ta shigo gidan nan yaro nake ba ya karanta da ƙarfi, in ji inda harshensa yake tuntuɓe. Khaulat ce ta karanta taka, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da ta kai "Ɗanki Nasrullahi" sai ta juya takardar ta duba bayanta, ta leƙa cikin ambulan, sannan ta ninke ta miƙo mini.

Ta ce, "Goggo, shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu a ɓace yake. Yarinya 'yar shekara tara, uwarta ba ta cika wata biyar a ƙasa ba, ubanta ya san faɗin kan kulɓa amma bai tambaya ko 'yarsa ta ci tuwo ba. Ba ta ci, in kana son sani. Loma uku take yi ta ture kwano. Ka cusa ta cikin "mutanen gida baki ɗaya" tare da ni da tumaki biyu. Ka yi wa tsingaro layi guda, ita ko sunanta babu. Idan wannan ne ilimin da ka tafi ƙarowa, da ka zauna a Dutse da wanda kake da shi.

Goggonka,
Kubura

Jos, 15 ga Agusta

Goggo,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan an tashi lafiya. Ni lafiya, sai dai takardarki ta hana ni cin abincin rana.

Madara, Goggo? Kulɓa ba maraƙi ba ce. Daga ƙwai ta fito, uwarta ma ba ta da nono. Cikinta ba ya narkar da madara, lalata shi kawai za ta yi. A zubar, a wanke murfin, a zuba ruwa. Idan gwiwa ta hana haƙar gara, yarinyar ta iya, ni na koya mata. Ɗakin ajiya kuma kabari ne gare ta. Bari in faɗi abin da duhu yake yi mata, don kada a ce ban faɗa ba. Idan ba ta samun rana, duk ɓawon ƙwan da aka ba ta ba ya zama ƙashi. Cikin 'yan makonni ƙafafunta za su fara rawa, haɓarta ta yi laushi ta kasa kama gara, bayanta ya karkace. Wallahi ranar da na ji ta kai haka, ajiye karatun nan zan yi in taho da kaina, komai zai faru ya faru. Rakiya kuma ki gaya mata kulɓa ba ta da dafi, bakinta ne ya fi kama da na maciji.

Sauran maganar kuwa na so in haɗiye ta, don ke uwa ce. Amma kin soke ni a inda ba ki da bakin magana. Wa ya koya mini? Ranar sunan yarinyar nan na ɗauke ta a gaban baƙi, na sumbaci goshinta, na kira sunanta. Kika taso daga cikin mata kika fizge ta daga hannuna. Kika ce, "'Yar fari ake runguma a bainar jama'a? Boko ya cinye maka kunya. Kai ma ɗan fari ne, ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa kama sunanka ba." Mata suka yi dariya, abokan aikina suna tsaye suna ji. Daga ranar na ɗauki darasin, na kuma iya shi kamar yadda ɗalibanki suke iya naki. Ba na kiran sunanta, ba na tambayarta a gaban manya, ba na zama kusa da ita. Uwarta Amatullahi ce take tsakaninmu tana kai saƙo tana kawowa. Yau shekara tara kin juyo kina tuhumata da abin da kika shuka.

Tun da Amatullahi ta rasu, hirar da muka taɓa yi da yarinyar nan a gaban akwatin nan ce, ina kallon akwati tana kallon akwati, muna ba kulɓa gara. Abin da nake da shi ke nan, shi kika jefa bayan buhunan gero.

Nasrullahi

Kiyawa, 8 ga Satumba

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gero ya fara nuna, ruwa yana ta sauka. Na yi shirun mako uku ne don da na amsa maka a ranar, abin da zan rubuta ba zai gogu ba.

Khaulat ta karanta shafin farko na takardarka. Allah Ya sa idona yana kan na biyu, na karɓe kafin ta kai. Tunda ka girma har kana tono wa goggonka tsohon zance, ka riƙa tunawa da wanda yake karantawa.

Maganar ranar suna ban manta ba, ban kuma yi nadama ba. Haka aka yi wa kowa a gidanmu, babu wanda ya mutu. Kunyar ɗan fari ba ni na ƙirƙiro ta ba, a hannun iyayenmu na same ta.

Dabbarka kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na karɓi 'yarka, na karɓi kulɓarta. Washegarin takardarka na fito da akwatin da hannuna. Kullum kafin in tafi koyar da matan aure karatu a makarantar unguwa, ni nake ajiye shi gindin darbejiya, rabi rana rabi inuwa, har da gwada inuwar da tafin ƙafa kamar mai neman lokacin salla. In na dawo in tarar Khaulat ta mayar da shi rumfa. Ita take haƙo gara a jikin tsohuwar katanga, ita take barbaɗa garin ƙwan. Madara na daina, na bar wa masu hankali.

To ga sakamakon ilimin naka. Kwana biyar ke nan ƙafafunta na baya suna rawa in ta zo tafiya. Jiya na ga ta kai wa gara cafka sau uku tana kuskurewa, bakin kamar ba nata ba. Wutsiyar ta yi wani lanƙwasa kusa da gindi. Da tana bayan buhunan gero tana shan madarata, da ƙafafunta take gudu.

Khaulat ta rame. Duk ranar da motar Gwadabe za ta shigo, tana bakin zaure tun la'asar. Na faɗa ne kawai, na san ba ka tambaya ba.

Kubura

Jos, 11 ga Satumba

Goggo,

Ina gaisuwa. Mako uku ina zuwa tasha ana ce mini babu takarda, da ta zo kuma ga abin da ke ciki.

Kulɓar da take shan hantsi kullum ba ta yin haka. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ba a fitar da ita, ko ana fitarwa ranar da aka ga dama. Ban ce kin yi ƙarya ba, amma na san abin da na karanta, na kuma san tun ranar farko kike neman hanyar rabuwa da ita. Wutsiyar da ta lanƙwashe ita ce shaida.

Na ba Malam Gwadabe wani ƙwan fitila na musamman da ƙaramar sola da batir. Ba irin na ɗaki ba ne, haskensa yana yin aikin rana. A rataye shi tazarar taki ɗaya daga dutsen, daga safe zuwa la'asar, babu gilashi a tsakani. Garar a riƙa murƙushe ta a sa mata a baki da tsinken tsintsiya, da garin ƙwai kullum. A cire duk wani abu mai tudu kada ta faɗo, ƙashinta yanzu kamar ɗanyen kara yake.

Zuwa ba zan iya ba. An sa mana jarrabawa mako biyu a jere, wanda ya rasa ɗaya an sallame shi. Na yi magana da Izzuddeen abokin aikina, zai zo ranar Asabar ta sama ya ɗauki akwatin ya kai gidansa a Dutse. Sai ki huta, Rakiya ta huta.

Nasrullahi

Kiyawa, 15 ga Satumba

Nasrullahi,

Lafiyarmu ƙalau. Ka karanta wannan a zaune.

Tunda nake babu wanda ya taɓa kirana maƙaryaciya, ko a fili ko a lulluɓe, sai kai. Da zafin wannan na kwana. Jiya na ajiye akwatin gindin darbejiya kamar kullum, na ɗauki jakata na fita. Da na kai wajen masu markaɗe sai na juyo, na ce bari in ga me yake faruwa a gidana in ba na nan.

Na tarar babu akwati a tsakar gida. Na same shi a ɗakina, ƙarƙashin gado, an lulluɓe shi da baƙin bargona. Khaulat tana kwance a ƙasa, kanta a ƙarƙashin gadon, tana magana ƙasa-ƙasa. Na ji tana cewa, "Yi haƙuri, kin ji? Saura kaɗan. Yana zuwa zan fito da ke."

Na ce, "Ke! Me nake gani haka?"

Ta fito, fuska duk hawaye da ƙura. Na ce tun yaushe? Ta ce tun ranar da ta karanta takardarka ta biyu. Ina fita take jawo shi ciki, in ta ji an tashi daga makarantarmu ta mayar da shi rumfa. Garin ƙwan ma a bayan ɗaki take zubar da shi.

Na ce, "Ba kya son ta ne?"

Ta ce, "Wallahi ina son ta, Goggo. Amma Baba ya ce in ƙafarta ta fara rawa zai ajiye karatu ya taho. Ya ma rantse. Ga shi ta yi rawar, ya ce wani ne zai zo."

Ban dake ta ba. Na zauna a bakin gado. Kai ka rubuta mata yadda ake yi, layi bayan layi, duhu da 'yan makonni da rawar ƙafa, ka ɗora rantsuwa a kai. Yarinya ta duba ta ga abu ɗaya ne a gidan nan da zai iya taso ubanta daga Jos, kuma ba ita ba ce. Mako huɗu tana cutar da abin da ta fi so a duniya da hannunta, tana kuka tana yi. Shi ya sa tuwo ba ya wuce mata.

Yanzu ga nawa laifin, don ba na taka nawa in hango na wani. Abin da na faɗa ranar suna na faɗa. Amma ranar Amatullahi tana zaune da lalle a ƙafa, ga kakanni, ga gwaggonni cike da gida. Uba yana kawar da kai ne don akwai hannu goma da za su ɗauka. Ubanka bai kama sunanka ba, amma ni na kama, sau ɗari a yini. Ita wa take da shi? Tsohuwa mai rabin kunne. Da na ga an binne uwarta, ya kamata in kira ka in ce maka waccan magana ta tashi. Ban yi ba, girman kai ya hana ni. Kai kuma da kake da ilimin sanin abin da kulɓa take bukata, ba sai an kira ka ba.

Na rataye fitilarka, tana ci. Tare muke murƙushe garar. Izzuddeen kada ya wahalar da kansa, ba zan ba shi ba.

Daga yau duk takardar da ta zo babu sunan yarinyar nan a ciki, a motar da ta kawo ta za ta koma.

Kubura

Kiyawa, 19 ga Satumba

Nasrullahi,

Ga takardarka nan na mayar. Na karanta, na ga ka ce ka kasa shiga aji, na ga inda tawada ta jiƙe. Na kuma ga "a gaya wa yarinyar ba laifinta ba ne." Ni ba 'yar aikenka ba ce. Ta iya karatu, kai ma ka iya rubutu. Ban nuna mata ba.

Kubura

Jos, 22 ga Satumba

Zuwa ga Khaulat,

Assalamu alaikum. Yaya kike? Yaya Goggo? Ni ina lafiya.

Khaulat, wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun na yaga. Ban saba ba, ki yi mini haƙuri in ta fito a karkace.

Goggo ta gaya mini abin da ya faru. Ban yi fushi ba ko kaɗan. Laifina ne, ni na yi rantsuwa a kan abin da bai kamata ba, na kuma saɓa. Tun da na zo garin nan babu safiyar da ba na tunanin ko kin karya, ko tarin nan naki na damina ya tashi, ko wa yake taje miki kai yanzu da Ummanki ba ta nan. Duk ina so in tambaya, in na ɗauki biro sai in rubuta gara da tsingaro. An koya mini cewa uba ba ya nuna son 'yarsa ta fari, na riƙe har ya zame mini ciwo. Ina son ki tun ranar da aka miƙo mini ke a asibiti. Ni na zaɓa miki sunan nan, kuma kullum ina faɗarsa a sujada, inda babu mai ji.

Ki ci abinci, don Allah. Ki cinye tuwon Goggo ko da miyar ta yi kanwa da yawa, kada ki gaya mata na faɗa.

Zan gama jarrabawa ranar Alhamis. Ranar Juma'a in Allah Ya yarda zan taho, mu duba kulɓarki tare. Kafin nan ki riƙa kunna mata fitila da safe, ki diga mata ruwa a kan hanci da tsinke, za ta lashe. Ƙanana suna warkewa in an kama da wuri.

Babanki,
Nasrullahi

Kiyawa, Laraba, 25 ga Satumba

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zan ba Gwadabe wannan da asuba don ta same ka gobe kafin ka haɗa kaya.

Kulɓa ta mutu shekaranjiya Litinin da hantsi, a kan dutsenta, fitila tana ci. Kwana biyu kafin nan ta daina haɗiya. Khaulat ce ta gani. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta naɗe ta a ƙyalle, muka haƙa rami a gindin darbejiya, ni da gwiwar da na ce ba za ta durƙusa ba.

Takardarka ta iso jiya. Da ban mayar maka da waccan ba, wataƙila da wata magana taka ta riske ta kafin Litinin. Na auna wannan, ban san ko na yi daidai ba, kada kuma ka ɗauka haƙuri nake ba ka. Wannan karon ban sa ta karanta da ƙarfi ba. Ta shiga ɗaki da ita, ta daɗe, can na ji kukan da ta riƙe tun Litinin. Da daddare ta cinye tuwonta. Miyata kuma kanwarta daidai take, ita ta gaya mini abin da ka ce.

Yau da safe ta zo ta tsaya a kaina ina tankaɗe.

Ta ce, "Goggo, kada ki gaya masa ta mutu sai ya iso."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Ya ce zai zo mu duba ta tare. In ya ji babu abin dubawa fa?"

Na ce mata ba na ɓoye wa mutum gaskiya don in jawo shi gidana, zan rubuta maka yau. Ta tambaye ni ko za ka fasa. Na ce ban sani ba, domin ka taɓa rantsewa ba ka zo ba, ni kuma ban saba yi wa yaro alkawari da bakin wani ba.

To yanzu ka sani. Akwatin yana rumfa babu kowa a ciki, na kashe fitila na naɗe wayarta. Babu mara lafiya a gidan nan, babu abin da ilminka zai gyara. Khaulat ce kawai.

Ta ce a yi mata kitso gobe.

Goggonka,
Kubura